Bel ɗin Motar Hambali

Hambali mutumin Kiyako ya shekara ashirin da shida yana tuƙin haya tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, kuma bai taɓa shiga mota shi kaɗai ba. In ba fasinja goma ba, to buhunan riɗi ne, ko raguna suna hura masa numfashi a ƙeya. A tasha Sannu-sannu ake ce masa, don allurar malejinsa ba ta wuce sittin. 'Yan kamasho har cewa suke mai keke yakan wuce shi ya waiwayo ya yi masa barka da hutawa. Shi dai murmushi yake yi. Ba wanda ya san tun yana saurayi abu ɗaya yake so a duniya: ya taka totur har ƙasa, sau ɗaya tak, ya ji abin da mota take da shi a ciki. Tsoron rayukan da ya ɗauko ne yake riƙe masa ƙafa.

Motar, wata tsohuwar Golf ce ta ubangidansa Alhaji Badaru, wadda ya daɗe yana tuƙa masa. Bara da kaka Alhaji ya ce ta gaji, shi ma ya gaji, ya miƙa wa Hambali makulli da takardu kyauta. Murnar ba ta yi wata ba. Likitar ido ta haska shi, ta ce hawan jinin ido ne, kuma ya riga ya ci gefe da gefe. Gaskiya ta faɗa, don ya daɗe yana ganin duniya kamar ta cikin bututu. Ta ce kafin damina ta sauka ko gaban ma zai dushe. Daga ranar ya daina lodi, bai gaya wa kowa dalili ba sai matarsa Mero.

Ana haka sai wata ƙungiyar masu wasan mota ta share fili a bayan gari, aka kewaye shi da tsofaffin tayoyi, aka ce sau ɗaya a shekara duk mai mota zai iya zuwa ya zaga iya gudunsa. Hambali ya je ya ga filin, zuciyarsa ta buga. Babu saniyar da za ta ɓullo daga gefe, babu babur, babu mai tsallaka titi. Gaba kawai ake kallo, kuma gaban nan shi ne abin da ya rage masa. Ya ba da sunansa. Suka ba shi takardar sharuɗɗa da Turanci, ya ninke ta ya cusa a aljihu. Mutumin da ya shekara ashirin da shida a kan sitiyari, takarda ce za ta koya masa shirya mota?

Mako uku ya yi yana shiri, irin shirin da ya sani. Ya juye baƙin mai, ya sa aka ɗaure birki, ya ƙara wa baya sifirin don ta yi ƙarfi, kamar dai gero za ta ɗauka a filin. Tayoyin da suka siɗe ya kai wa mai faci ya yanka musu sabon zane da wuƙa mai zafi. Ya aro hular kwano. Har fenti ya yi mata, ja wur. Mero tana kallonsa yana goge gilashi sau uku a wuni, ta ce, "Malam, ko ranar aurenmu ba ka yi wannan rawar kai ba." Ta faɗa da wasa, amma da ta shiga ɗaki kuka ta yi.

Ranar Asabar shi ne na farko a layi. Mai duba motoci wani matashi ne mai ladabi, sunansa Musaddiq. Ya durƙusa ya shafa tayoyin, ya girgiza kai, ya ce wannan da sauƙi, akwai wanda zai ara masa. Sai ya buɗe ƙofa, ya kai hannu kafaɗar kujera, ya laluba.

"Baba, ina bel ɗin kujera?"

Hambali ya kalli kafaɗar kujerar. Shekara goma sha ɗaya ke nan da shi da hannunsa ya yanke su duka, ranar kasuwar Gwaram, ya ɗaure but da ya ƙi rufuwa a kan buhuna. Kowane direba haka yake yi. Mutum biyu ake sawa a gaba, wa zai ɗaura bel?

"Akwai igiya mai ƙwari a but," in ji Hambali. "Sai in ɗaure kaina da kujerar."

"Baba, ka yi haƙuri. In na bar ka, rufe filin za a yi, kuma in wani abu ya same ka ba zan yafe wa kaina ba. Kano ake samun irinsa, mu kuma da la'asar za mu tashi. Ka shigo tawa in zaga da kai."

"A'a, ɗana. Na gode."

"To baɗi, in Allah ya kai mu. Ni da kaina zan sa ka farko."

"Allah ya kai mu," in ji Hambali.

Bai tsaya kallo ba, don ƙarar injinan ma ciwo take yi masa. Ya ɗauki hanyar Kiyako shi kaɗai a motarsa, titi fayau ba kowa. Ƙafarsa tana kan totur, saura kawai ya taka. Amma nan ba fili ba ne, nan hanyar shanu ce da mata masu dawowa daga gona, shi kuwa ba ya ganin gefe. Haka ya taho yana juya kai hagu da dama, hular kwanon tana gangarawa a kujerar baya.

Ya tarar da Mero a bakin rijiya tana jan ruwa. Igiyar gugan ta daɗe da gajarta, an ƙara mata tsawo da wani baƙin ƙyalle mai faɗi, ɗaya daga cikin bel ɗin da ya yanke, wanda shekara goma sha ɗaya bai ko sale ba. Ya tsaya ya zuba masa ido, yana wucewa ta tafin hannunta.

"Sannu da zuwa, Malam," ta ce. "Har nawa ta kai?"

"Talatin," in ji shi.

Ya wuce ɗaki, ya laluba bango har ya sami ƙusa, ya rataye makullin.