Allurar da Aka Ce Ita Ta Kashe Yayana

Shekaranjiya na shiga kasuwar Kaura sayen daddawa, sai na bi ta layin masu maganin gargajiya. Wani tsoho yana ɗura garin rawaya a leda, iska ta kwaso warin ta watsa mini a hanci. Sai da na nemi benci na zauna. Mai daddawa ta ɗauka jiri ne ya ɗebe ni, ta miƙo mini ruwa. Ba jiri ba ne, haushi ne, wanda ya shekara talatin a cikina bai huce ba. In kana cikin masu saurin cewa a bar wa Allah, ka dakata ka ji labarin tukuna.

A wani ƙauye gabas da Zurmi na tashi, ta wajen hanyar Gurbin Bore. Gidanmu babba ne, rumbuna huɗu a tsakar gida, turken awaki a bayan ɗakin girki. Mu uku Inna ta haifa: Yaya, sai ni, sai ƙanenmu da ke goye a lokacin. Yaya shi ne ɗan fari, kuma ka san yadda alkunyar ɗan fari take a wajenmu. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban manya, ko kuka yake sai ta yi kamar na maƙwabta ne. Ana yaye shi aka miƙa shi ɗakin Gwaggo, yayar Baba, wadda ta dawo gida daga Jangeru bayan rasuwar mijinta. Allah bai ba ta haihuwa ba. In Inna za ta yi maganarsa sai ta ce “wancan”.

Ba zan yi wa Gwaggo ƙarya ba, ta so shi. Ta goya shi har ƙafafunsa na bugun ƙaurinta, ba ta cin abu ba ta rage masa ba. Amma irin son nan ne da ba ya jin maganar kowa.

Tun yana rarrafe hannuwansa da ƙafafunsa ke kumbura. Da ya yi wayo sai ciwon ya koma cikin ƙashi. Duk damina, ana fara ruwa shi kuma ya fara kwanciya, yana murƙususu a kan tabarma, farin idonsa ya yi ɗorawa. Yau ko yarinyar da ke tallan awara ta san sunan abin, sikila ne. A lokacin Gwaggo ta duba idon sau ɗaya ta ce shawara ce, magana ta ƙare. Aka hana shi mai, aka hana shi nama da ƙwai da gyaɗa. Miyarsa daban ake kaɗawa, lami, ba ko ɗigon man shanu. Safe da yamma ga ƙoƙon jiƙon rawaya, yana sha yana yamutsa fuska. Ranar da aka yi yanka, Inna takan ƙunshe tsoka ɗaya a ganye ta tura mini a hannu ba ta dube ni ba, ta ce a hankali, “Kai ma wancan, bayan rumbu.” Can yake ci yana waige-waige kamar wanda ya sato.

Da yake ba ya iya guje-guje, sai ya ƙware a aikin kara. Yakan zauna a inuwar rumbu ya ƙera mota da ƙafafun sakaina, har da ƙofar da ke buɗewa. Yaran unguwa da suka fi shi ƙarfi su ke bin sa da roƙo.

Yana shekara tara, ni ina bakwai, aka yi wata marka da ta kwana biyar ba a ga rana ba. Gero ya fitar da kai, ƙasa ta sha ruwa har bango na gumi. Ruwa ya tare shi a bakin gona ya je kora awakin Gwaggo, ya dawo jiƙe sharkaf. Kafin la'asar ya kwanta. Wannan karon ba irin na kullum ba ne. Leɓɓansa suka yi fari, tafin hannunsa ya yi fari, numfashi sama-sama.

Washegari wani ɗan'uwan Baba da ke aiki a ɗakin shan magani na Zurmi ya zo a kan keke. Ya ja fatar idon Yaya ƙasa ya duba, ya ce jini ne ya ƙare, a kai shi Kaura ranar nan a yi masa ƙari. Gwaggo ta tashi ta tsaya a bakin ƙofa, hannu bibbiyu a jikin dogarin ƙofar.

“Shawara ta,” in ji ta. “Shawara ba ta son allura. A Jangeru gaban idona anka soka ma wani, bai ga magariba ba. Ba mai taɓa min ɗa da ƙarhe.”

Duk aka juya ana kallon Baba. Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce ita ke riƙe da shi, ita ta san shi, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Washegari, ranar Laraba, ya kora tumakinsa biyu ya tafi cin kasuwar Shinkafi. Allah ya jiƙansa, amma wannan tafiyar ma ina riƙe da ita.

Inna fa? Inna tana tsakar gida tana aikinta. Ta share, ta yi wanke-wanke, ta shayar da goyonta. Ko leƙa ɗakin ba ta yi ba, don matan gidan na zaune, Kaka, uwar Baba, ma na zaune. Ni kaɗai na lura tana zagaye ɗakin Gwaggo ta baya in za ta zubar da ruwa, ta daɗe a wajen.

Rana ta uku da hantsi tana surfe, sai muka ji muryarsa daga ɗaki, ƙasa-ƙasa: “Inna.” Bai taɓa kiranta a gaban mutane ba, ya san doka. Taɓarya ta tsaya a sama. Ya sake kira. Sai Inna ta jefar da taɓaryar, ta kwance ƙanenmu ta ajiye a cinyar Kaka, ta shiga ɗakin. Da ta fito Yaya ne a bayanta, ta ɗaure shi da zane da majanyi, ƙafafunsa na reto.

“Ke, ba ki da kunya?” in ji Gwaggo. “Ɗan hwari za ki goya gaban surukai?”

“Kunyat ta ƙare,” in ji Inna, ta raɓa ta wuce.

Na bi ta a guje ba wanda ya kula da ni. Rafi ya kawo, ruwa har ƙugunta, ni kuma na riƙe gefen zaninta ina shan ruwan ja. Muka fito bakin titi muka tsaya har rana ta take, kafin wata a-kori-kura mai itace ta tausaya mana. Bayan azahar muka isa asibiti a Kaura. Suka sa masa allurar ƙarin ruwa a bayan hannu, suka ɗebi jinin Inna don a gwada ko zai yi daidai da nasa. Ba a kai ga dawowa da sakamakon ba ya cika. A nan na fara jin sunansa a bakin Inna. Ta yi ta kiransa da shi, tana shafa kansa, har wata ma'aikaciya ta zo ta kama ta.

Mutuwa ta Allah ce, wannan na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne abin da ya biyo baya. A zaman makoki, ɗaki cike da mata, Gwaggo ta share hawaye ta ɗaga murya yadda kowa zai ji:

“Kwana ukku ina riƙe da shi da rai nai. Uwatai ta ɗauke shi wuni guda, anka soka mai allura. Ga shi nan.”

Matan suka yi ta gyaɗa kai. Daga ranar Inna ta zama abin misali a garin. In yaro ya yi ɗorawar ido wani ya ce asibiti, sai a ce, “Kun manta wance?” Ban san yara nawa aka riƙe a ɗaki da sunan uwata ba. Ita kuwa ba ta taɓa mayar da magana ba. Shekara ashirin tana tuƙa tuwo ta kai wa Gwaggo nata da hannu biyu, har da durƙusawa.

Ni ban gaji wannan haƙurin ba. Na zuba wa Gwaggo ƙaiƙayi a shimfiɗa, na kwance mata awaki suka faɗa gonar mai unguwa, na sha duka har na daina ji. Duk bai sanyaya mini rai ba, don ba fatarta nake son ta yi zafi ba. So nake bakin da ya ɗora wa Inna wannan kaya shi ya sauke shi.

Aure ya kawo ni Kaura. Lokacin ba a matsa da gwajin jini kafin aure kamar yanzu ba, mu ma ba mu yi ba. 'Yata ta fari tana wata bakwai yatsunta suka kumbura, na duba na gane baƙon tun kafin likita ya faɗa. Ina goye da ita na je jinyar Inna ta ƙarshe. Wata rana da yamma ina ba ta kunu, ta kama hannuna ta ce, “Da na bar shi ɗaki, ko da ya tashi?” Na rantse mata da Allah ba allura ba ce. Ta ce to, irin “to” ɗin da ake yi wa yaro don ya yi shiru. Da wannan tambayar ta shiga kabari.

Yanzu 'ya'yana uku, ƙananan biyu lafiyarsu lau. Ita babbar kuwa ni da alkunya mun raba gari. Sunanta nake kira tun daga ƙofar gida, a gaban uwar mijina nake ɗora ta a cinya ina matsa mata ƙafa. Da ruwan ɗumi take wanka ko da bazara. Hadari na haɗuwa na fito da rigar sanyi da safa. Gorar ruwa ba ta rabuwa da jakarta, ƙwayoyinta na kullum suna bakin taga inda ba zan manta ba. Ƙwai kuwa sai na dafa uku, don in na ba ta ita kaɗai autana zai baje a ƙasa ya ce shi ma ƙashinsa na ciwo. Shekararta goma sha ɗaya. Ta wuce inda Yaya ya tsaya da biyu.

Da 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu, mutanenmu da yawa nan Kaura suka zubo. Baba ya riga ya rasu, ƙanena ɗakinsa ɗaya. Aka rasa inda za a kai Gwaggo, tsohuwa tukuf da ƙullin kayanta. Na ce a kawo mini ita. Maigidana ya yi ta sa mini albarka, wai ina da zuciya mai kyau. Na bar shi a kan haka. An ce rama cuta ga macuci ibada ne, ni kuwa na daɗe da alwala.

Ban taɓa hana ta abinci ba, ban taɓa ɗaga mata murya ba. Jira kawai na yi. Daminar bara ciwon ya kayar da yarinyar, ido ya yi ɗorawa, leɓe ya yi fari. Gwaggo ta leƙo ta buɗe baki, “Wagga shawara ta...” Ban bari ta ƙarasa ba. Na ce ta ɗauko mayafinta, tare za mu. A asibiti na zaunar da ita a gefen gado, na ɗora hannun yarinyar, wanda aka soka wa allurar, a kan nata, na ce ta riƙe kada ya motsa. Ta riƙe, tana kallon jinin yana sauka ɗigo-ɗigo. Kwana uku yarinyar ta tashi zaune ta ce tumu take so.

Tun daga nan duk ranar da za mu ganin likita sai na tafi da ita, ko ta ce gwiwarta na ciwo. Nakan zaunar da ita a bencin da masu irin ciwon ke jira, ta yi ta kallonsu suna shiga suna fitowa da ƙafafunsu. Duniya ta canza. Yanzu uwaye mata ne a kan gaba, kowace riƙe da katin ɗanta, na fari ne ko na tsakiya ba mai tambaya. Wasu daga ƙauyukan da a da ko sunan asibiti ba a so a ji.

Watan jiya wani magidanci ya zauna kusa da mu, siriri, idonsa da ɗan ɗorawa, gemunsa har ya fara furfura. Ɗansa ƙarami na wasa da makullin babur ɗinsa. Gwaggo ta daɗe tana kallonsa, sannan ta taɓa ni.

“Wanga ma ana yi mai allura?”

“Tun yana goye,” na ce.

Ta ci gaba da kallonsa har aka kira mutum biyu. Sai ta ce, “Da yanzu nawa ya yi gemu.” Hawaye na bin tamojin fuskarta. Can ta ƙara, da ƙyar nake jin ta, “Ba uwatai ta kashe shi ba. Ni ta. Ki yahe min.”

Na zaci ranar da na ji wannan magana zan yi guɗa. Ban ji komai ba sai tunanin Inna da ƙoƙon kunu. Na ce mata ba ni ta yi wa ba, wadda ta yi wa tana ƙasa. Kuma ba a kan benci ta faɗa a kunnen mutum ɗaya ba, a cikin taro ta faɗa, a cikin taro za ta janye.

Asabar mai zuwa akwai suna a gidan wata 'yar garinmu a nan bayan tasha. Duk tsofaffin matan da suka gyaɗa kai ranar nan, waɗanda ke da sauran kwana, za su hallara. Gwaggo ta ce za ta faɗa. Sau biyu tana ce mini ƙafa ba za ta kai ta ba, na ce na riga na yi wa mai Keke Napep magana. Na wanke mata zaninta mai kyau, na kai guga.