Wurina a layin masu albasa

Shekarun da zinariya ta haukata Agadez, ni ma ban tsira ba. Albasa da tamati nake sayarwa a kasuwar kayan miya, a wurin da uwata ta zauna kafin ni, tsakanin mai tafarnuwa da mai barkono. Wuri ne mai kyau, bakin hanya, daidai inda kamiyo, babbar motar kaya daga garin Tabelot, ke sauke buhuna. Amma kullum sai ka ji wance ta bi masu haƙa zuwa daji tana dafa musu abinci, ta dawo ta yi ginin siminti. Ni kuwa ina zaune ina korar ƙudaje, mijina ya rasu, ƴaƴa uku suna lekol, wato makarantar boko.

Sai wani mai butik, wato kanti, ya ce in sayar masa da wurin, zai kafa rumfar kayan waya. Abin da ya taya ya isa in sayi manyan tukwane da shinkafa, in hau mota da jari mai ƙarfi. Tun bai rufe baki ba na ce na yarda.

Layinmu yana da shugaba, wata tsohuwa mai sayar da busasshen tamati, kowa Inna yake ce mata. Ta aiko a kira ni.

"An ce kin sayar da wuri."

"Nawa ne, Inna. Na uwata ne."

"Uwarki zama ta yi, ba saye ta yi ba. A layin nan ba a sayar da wuri. Mai tafiya ta bar shi hannunmu, mu ba wata aro. Ranar da ta dawo, mai aro ta tashi."

Kai, ranar na yi faɗa! Ni dama bakina ba ya da birki. Na ce wace irin doka ce wannan da ko a meri, ofishin magajin gari, ba su san da ita ba? Na ce ku kun tsufa a kan buhun albasa, so kuke kowa ta tsufa tare da ku. Inna ko kai ba ta ɗaga ba. Shi kuwa mai butik, da ya gane ba wadda za ta amsa gaisuwarsa ko ta duba masa kaya in ya tafi salla, sai ya janye. Iyakar ƙarfin dokar ke nan, kuma ya isa.

Na sayar da ƴan kunnena da gadon ƙarfe, na sayi tukwanen da suka samu, na bar yara wajen ƙanwata, na bi masu haƙa. Ban yi sallama da kowa a layi ba.

Ba zan yi ƙarya ba, shekarar farko na samu. Daga baya ramuka suka daina bayarwa, mutane suka watse, ƙurar wurin ta kama mini ƙirji. Abin da na tara, magani ya cinye. Na dawo da tukunya ɗaya da tari.

Na daɗe a gida ban leƙa kasuwa ba, don kunya. Ban san abin da zan ciyar da yara da shi ba, kuma bayan maganganun da na zuba, da wane ido zan nemi wuri? Ranar da na fita, albasar miya na je saye, na rufe fuska da mayafi, na bi ta ƙarshen layi. Ashe mai tafarnuwa ta san tafiyata.

"Lale, Hajiyar zinariya! Ina kika ajiye motar?"

Ta jawo ni da hannu har gaban wurina. Wata yarinya ce zaune a ciki da goyo, wadda aka ba aro bayan mijinta ya tafi neman kuɗi aka daina jin ɗuriyarsa. Tana jin ko ni wace ce, sai ta fara kwashe albasarta tana zubawa a buhu. Ba wanda ya ce mata komai. Wallahi sai na ji kamar ni ce na kwace abincin bakin ɗanta.

Na ce, "Zauna, ƙanwata. Na bar miki."

Inna ta ce daga inda take, "Ba ki da ikon sayarwa, ba ki da ikon bayarwa. Tashi, yarinya."

Saura kaɗan in sake buɗe bakin nan nawa. Sai tsohuwar ta buga sandarta a ƙasa ta ce kowa ta matsa taki guda. Aka hau jan tabarmi ana gunaguni, mai barkono tana ta mita tana sa mutane atishawa. Kafin a gama, wuri ya fito kusa da Inna, daidai zaman mutum ɗaya da buhunsa. Nan yarinyar ta shimfiɗa kayanta.

Har yau nakan ce da sun bar ni na sayar, wataƙila da jarin ya kai ni wani wuri. Allah ne masani. Abin da na sani shi ne ranar ƴaƴana sun samu inda za su ci. Na zauna a ƙasa, ko albasa ɗaya babu gabana, ina kuka ina yi wa Inna godiya, ita kuwa tana ce mini in janye ƙafata, na shiga wurin mai barkono.