Sandunan Fatsa da Aka Ara

Mijina ya zo Umra yana saurayi, bai koma gida ba. Ni kuma iyayena ne suka zo da ni ina ƙarama. A unguwar Kurayyat muka yi aure, a ɗaki ɗaya saman shagon wani mai gyaran fanka, kuma a cikinmu babu mai iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Mun saba da tafiya a gefen titi, mun saba da sauya hanya in mun hango motar 'yan sanda daga nesa.

Aikinsa gadin jirgi ne. Wani tsoho Balarabe yana da ƙaramin jirgin kamun kifi can kudu da gari, nesa da tashar manyan jirage, inda masunta suke ɗaure nasu. Mijina ne yake wanke shi, ya duba inji, ya gyara zare da fatsa, ya raka tsohon cikin ruwa ranar da ya ga dama. Tsohon bai taɓa tambayarsa takarda ba.

Masuntan wurin, 'yan Yaman da 'yan Sudan da namu 'yan ƙalilan, suna da wata al'ada. In kayanka sun lalace, ga shi kifi ya zo, kana iya shiga jirgin maƙwabcinka da ke ɗaure ka ɗauki zare ko sanda, ko ba ya nan. Sai ka yi ƙulli a igiyar jirginsa, kowa da irin nasa ƙullin. In mai jirgi ya zo ya gani, ya san aro ne, ya kuma san wanda ya ara. In ka dawo ka mayar, ka ɗora masa kifi a kai. Ba wanda yake kiran wannan sata.

Da tsohon ya kwanta ciwo, ɗansa ya karɓi jirgin. Ba mugu ba ne, ina so a san wannan. Ma'aikacin ofis ne wanda bai tashi a bakin ruwa ba. Ya sayo sandunan fatsa masu tsada, masu ƙarfen naɗe zare yana sheƙi, ya zuba su a akwatin jirgin da ba a taɓa sa wa kwaɗo ba. Ya kuma yi musu inshora, abin da Larabawa suke kira ta'amin.

Ranar da mijina ya ba ni labari, muna cin abinci ne. Ya ce, "Wai in sun ɓata, kamfani zai biya shi."

Na ce, "To ai alheri ne, Malam."

Ya daɗe yana murza loma a hannunsa. Ya ce, "Kamfani ba ya biya sai ya tambayi wa yake gadi."

Wata Juma'a ya dawo daga masallaci ya tarar babu sandunan. Ya duba igiya, ya ga ƙullin wani ɗan Yaman da yake zuwa can wajen duwatsun cikin teku ya yi kwanaki. Hankalinsa ya kwanta. Amma da la'asar ɗan tsohon ya zo da abokansa za su fita kamun kifi, ya buɗe akwati a gabansu, ba komai. Mijina ya nuna masa ƙullin, ya yi masa bayani.

Ɗan tsohon ya ce, "Ya ammi, ina tambayarka kayana, kana nuna mini igiya?"

Ya tafi cikin fushi. Kamfanin ya ce masa ba a biyan kayan sata sai da takardar 'yan sanda, ya wuce ya kai ƙara. Aka ce za a zo a ga jirgin, a yi wa mai gadi tambayoyi.

Washegari mijina ya same shi ya gaya masa gaskiya, cewa ba shi da iƙama. Ya ce mini fuskar mutumin ta sauya, ya dafe kai. Ya ce, "Don me ba ka faɗa mini tun farko ba? Yanzu magana ta fita daga hannuna. In kayan sun dawo kafin su zo, zan ce na gan su, halas, magana ta ƙare. In ba su dawo ba, wallahi ban san abin da zan yi maka ba."

Daga nan muka shiga jira. Kullum mijina ya fita da asuba ya tsaya a bakin ruwa yana duban kudu. A kwanakin ne iskar arewa ta taso. A Kurayyat ba ma ganin teku, amma muna jin ta tana kaɗa langa-langar rufin maƙwabta, tana kwashe wanki daga igiya. Duk motar da ta tsaya a ƙofar shagon ƙasa, sai na ajiye abin da ke hannuna in saurara.

Wata Hajiya maƙwabciyarmu, wadda ta ga an kwashe mutane da yawa a zamanta, ta shigo ta ce, "Ku tattara ku tafi Makka wajen dangi, a bar maganar ta huce. Jirgin ubanka ne da za ka tsaya ka mutu a kansa?"

Mijina ya ce, "Hajiya, in na gudu, ni ne ɓarawon. In na tsaya, a jefa ni jirgin sama, in bar wannan baiwar Allah ita kaɗai. Sai dai in je in karɓo kayan."

Ta ce, "A wannan iskar? Ko 'yan Yaman sun ɗaure jiragensu."

Ya yi murmushi ya ce, "Shi ya sa nake so in same shi. Yana can ya fake, ba zai motsa ba."

Ban hana shi ba, don ban ga wata hanya ba ni ma. Na dafa masa shayi na cika gora, na ƙunsa masa gurasa da dabino. Ya ce in an tambaye shi in ce ya je dubiya.

Duk mai fita teku yakan bi ta wajen masu tsaron gaɓa, a duba takardarsa, a san ya fita. In bai dawo kan lokaci ba, a bi sawunsa. Mijina ba shi da takardar da zai nuna. Ya ari ƙaramin kwale-kwale mai inji wajen wani ɗan Sudan, ya fita ta wata kafa tsakanin duwatsu, inda marasa iƙama suke bi. Ɗan Sudan ɗin ya ce mini ya ga ya wuce kafar lafiya, ya ɗaga masa hannu.

Da iska ta lafa, ɗan Yaman ya dawo da sandunan duka. Bai haɗu da kowa a hanya ba. Ɗan tsohon ya janye ƙararsa, ya zo har ƙofarmu, ya tsaya a bakin matakala bai hau ba. Ya ce ya je wajen masu tsaron gaɓa da kansa, sun ce a saninsu ba wanda ya fita a ranar. Ya roƙe su har suka zaga, amma kwanaki sun riga sun wuce.

Na daɗe ina aika tambaya wajen da ake tsare waɗanda za a mayar gida, ko an kama shi ne a ruwa. Duk wanda ya je Kano na ba shi sallahu. Na jira shekarun da malamai suka ce in jira, sannan na shiga takaba.