Ranar da Motar Yaya Ta Yi Rawar Ɗari

Dala, ƙarfe biyar da rabi

A shekarar da sojoji suka koma bariki Yaya Sani ya sayo mota 'yar Kwatano mai canja giya da kanta. Da zai tafi Legas ya bar mini makulli, ya ce ranar da na buɗe bonet na yi sallama da sitiyarinta. Kwana biyu na iya daurewa. Na zaro sandar awon man giya, na ga man ja wur, na ce ya lalace. Na tsiyaye shi na ɗura baƙi mai kauri irin na akori-kurar Baba, tun daga nan ta kama rawar ɗari. Ranar da Yaya zai dawo, ana sallame Asuba na silale da ita neman gyara.

Zaitawa, ƙarfe shida da kwata

Tafiyar minti goma ta ci mini minti arba'in da biyar. Duk sanda za ta canja giya sai ta girgiza har hulata ta faɗo. Na tsaya shan koko da ƙosai, sai ga Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, za ta barka Ƙofar Mata. Ba yadda na iya, na ɗauke ta. Ba mu yi nisa ba ta hau salati, ta ce aljanun Kwatano ne suka biyo motar. Na ce ni ma su nake zargi.

Ƙofar Mata, ƙarfe bakwai

Malam Ɗanlami bakanike yana gefen marina. Ya zaga da motar, ya duba filogi da tayoyi, ya ce lafiyarsu ƙalau. Sannan ya goga sandar awon a farin ƙyalle, ya shinshina.

"Wa ya ɗura mata wannan? Nata ja ne, tsinkakke."

Na ce ƙila da shi ta zo daga Kwatano. Ya ce shi da hannunsa ya zuba wa motar Yaya jan man a wancan watan. Gwaggo, wadda ta tsaya ganin ƙarshen aljanu, ta dube ni sama da ƙasa, ta gyara mayafi ta wuce. Sau uku Malam Ɗanlami yana tsiyayewa yana zuba sabo, ya canja matatar man. Ƙarfe biyu muka gwada ta, ta tafi sumul. Ya ce da na ƙara kwana biyu da giyar ta ƙone.

Gida, bayan La'asar

Na iso ina murna asirina ya rufu. Ashe Gwaggo da ƙafarta ta riga ni. Yaya yana zaune a zaure, ko jakarsa bai shigar ba, ya miƙo hannu.

"Sannu da zuwa, mai korar aljanu. Kawo makullin."

Na gode wa Allah da ya dawo da motar lafiya, na gode wa Malam Ɗanlami. Gwaggo ma ina gode mata, don albarkacinta na shekara guda cur ina zuwa kasuwa a ƙafa.