Hoton da ya san hanyar gidan Kawu

"Wannan jan ɗigon fa, mene ne?" in ji Kawu, yana nuna gilashin kwamfutata da yatsa.

Ina dubawa na gane na yi kuskure.

Aikina shi ne ɗaukar hotunan zanen bangon tsofaffin gidaje a ƙasar Madarunfa, ina zuba su a wata taska ta intanet. Kowane hoto da guraben bayaninsa: wa ya zana, da me ya zana, a ina yake. Jiya na je ƙauyenmu da ke kusa da garin Gabi don in nuna wa Kawu hoton zanen zaurensa, wanda mahaifinsa ya zana da hannunsa.

Ashe gurbin "wuri" da kansa yake cika. Salula ce ke manna wa hoto daidai inda aka ɗauke shi. Ɗigon nan da ke kan taswira ƙofar gidan Kawu ce, ga shanunsa sun fito a gefen hoton. Kuma kun san halin da ake ciki da masu satar mutane a yankin nan.

Na yi masa bayani. Sai ya ce:

"Ɗana, ka ce hoton nan ya san hanyar gidana, kuma duk wanda ya tambaye shi zai faɗa masa?"

Nan take na sauke hotunan, na goge ɗigon, na bar "Madarunfa" kawai. Amma wanda ya riga ya gani fa? Yau ko babur ya wuce sai na waiwaya.

Allah ya tsare. Ku fa, kun taɓa duba abin da hotunanku ke faɗa a bayan idonku?