Wayar da Aka Binne a Kan Soron Inna

Wata Laraba ce cikin watan Agusta, shekarar da na cika sha ɗaya, aka yini ana sheƙa ruwa har wajen la'asar. Yana ɗaukewa na ruga shagon Baba da ke ƙofar gidanmu da laka a ƙafafuna, na tarar ya zuba wa modam ido. Aka bugo, ta ɗauka, ta fara kukan nan nata, ƙiii, shaaa, kamar an tara gyare cikin gwangwani. Muka yi tsit ni da shi. Sai ƙit, ta yanke. Kwana tara ke nan ana haka. Baba ya zare tabarau ya ce, "Uwani, in Juma'a ta zo ba ta gyaru ba, na rufe allon nan na huta."

Baba mai gyaran rediyo ne a Birni, nan Damagaram, kuma mutum ne da ba ya ganin abu mai waya ya wuce. Wani abokinsa da aka canza wa wurin aiki ya bar masa tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, shi kuwa ya haɗa ta da layin tarhon gidanmu ta modam, wata ƴar akwati mai jajayen fitilu. Duk mai irin wannan kaya sai ya bugo lambarmu, na'urarsa ta gaisa da tamu, ya karanta abin da wasu suka rubuta, ya bar nasa. Baba ya raɗa wa abin suna allo. Masu shiga ba su da yawa, malaman lakwal ne, wato makarantar boko, da wani mai sayar da magani, suna ta gardamar ƙwallo da cigiyar kayan gyara. Inna kuwa ta tsani allon nan, don ƙanwarta ta Mirriya ta daina samunta. Takan ce, "Mutum ya bugo ya gaida ƴar'uwarsa, sai aljani ya ƙwala masa ihu a kunne!"

Ni dara ce ta kai ni. Baba ya sa wa kowane gurbi lamba, ana bugawa ta saƙo, motsi ɗaya a yini. Abokin karawata Mushe Habu ne, wani tsohon malami na Zango mai cika baki, kuma shi a zatonsa da Baba yake yi. Na zana darar a bayan kayena, littafin da nake lissafi a ciki, ina tankaɗe ina tunaninta, ina jan ruwa ina tunaninta, har ƙawayena suka daina kirana gaɗa. Na riga na cinye masa ƴaƴa huɗu, saura ƙiris in gama da shi, sai modam ta ce ba ta san zancen ba. In aka rufe allo, shi ke nan, Mushe Habu ya sha.

Babu abin da Baba bai gwada ba. Ya canza igiyar da ke tsakanin ordinata da modam, ya rage mata gudu, ya kwance ta ya hure ƙura, ya aro ta mai maganin, ita ma ta ƙi. Ma'aikatan waya suka zo suka hau sanda, suka ce daga wajensu har katangarmu lafiya lau. In ka ɗaga kan tarho kana jin muryar mutum, amma da wani shuu a bayanta kamar ana suyar ƙosai.

Aikina ne ya buɗe mini ido. Ni ke wankin ƙannena, don haka na fi kowa a gidan lura da rana. Daren Laraba bai yi ba sai da na tuna cewa a farkon damina ma modam ta yi wannan tsiya, kuma duk ranar da shanyata ta bushe ƙarau, ita ma sai ta warke. Yanzu da ruwa ya ƙi tsayawa, ta kwanta gaba ɗaya. To me ke jiƙewa a gidanmu wanda Baba bai duba ba? Da rani ni ake aikawa kan soro shanyar kuɓewa da tattasai, na san wayar tarho ta bi ta saman ɗakin Inna, na kuma san akwai inda aka ɗaura ta da baƙar roba kusa da indararo. Sannan kafin ruwan fari an kira Ɗan Azumi magini ya yi mana yaɓe.

Hawa soro da damina babban laifi ne a gidanmu, ƙafa ɗaya ta isa ta tsaga yaɓe ɗaki ya yi ta yoyo. Amma ranar Alhamis da hantsi, Inna na daka, na soke cokalinta a zane na haye tsani. Babu waya, babu alamarta, soro sumul! Ashe Ɗan Azumi, bawan Allah, ya ga waya kwance a rana, tausayinta ya kama shi, ya lulluɓe ta da laka ya shafe tas, yadda yake yi wa kan azara. Na durƙusa gefen indararo na hau tono. Can sai cokali ya taɓo roba. Na jawo ta, ga ɗaurin nan jagab, ya yi kore shar da tsatsa.

"Baba! Baba, na gan ta!" Ihun da na yi har maƙwabta sai da suka leƙo. Inna ta yar da taɓarya ta ɗora hannu a ka: "Na shiga uku, Uwani, ɗakina kike haƙawa?" Baba kuwa ya tattare riga ya hawo, ya duba ramin, ya dube ni, ya yi ta dariya har yana share hawaye. Ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya ɗaura sabo, ya ɗage wayar a kan sanduna. Muna sauka aka bugo. Ƙiii, shaaa, sai fitilun nan suka tsaya cak, rubutu ya fara gangarowa. Na yi tsalle, na yi guɗa, na zagaye tsakar gida sau ban san adadi ba. Ranar na sha duka wajen Inna, ɗakinta kuma ya yi yoyo har kaka, amma ko a jikina. Bayan kwana shida na gama da Mushe Habu, Baba ya rubuta masa sunan wadda ta ci shi, ya yi sati bai bugo ba.

Allon ya rayu shekaru da yawa bayan nan. Sannu a hankali masu bugowa suka koma wayar hannu, wasu suka riga mu gidan gaskiya, Baba dai kullum sai ya kunna bayan asuba ya zauna jira. Bana na je gida na tarar idonsa ya yi rauni, ko fitilun ba ya gani sosai, kuma an fi shekara babu wanda ya bugo. Ni da bakina na ce masa, "Baba, a bar shi ya huta haka nan." Na kwashe masa duk tsofaffin saƙonnin a wayata don in riƙa karanta masa. Ya laluba bayan modam ya kasa gano igiyar, ya ce, "Zo ki cire, Uwani, ni ba zan iya ba." Na sa yatsu biyu na zare ta, ko ƙara ba ta yi ba. Ban taɓa zaton abin zai yi sauƙi haka ba.