Gayyar Babura a Kan Hanyar Bici

A duk shekarun da na yi a sashen tsara hanyoyi, ranar da ta fi zauna mini a rai ita ce ta ƙirgar ababen hawa a wani ƙauye tsakanin Bagwai da Bici. Ga wanda bai sani ba, kafin a zaɓi inda za a yi titi, mukan ƙirga masu bin kowace hanya, mu auna lokacin da tafiyar ke ci, sannan mu zuba wa kwamfuta ta yi lissafi.

Na kafa kujerata a gindin wata tsamiya tun da hantsi. Ƙauyen da ko kasuwa ba shi da ita, sai ga babura da amalanke ba ƙaƙƙautawa. Can na lura da wani jan babur da ke ta wucewa, mai shi yana sauya hula kawai. Ashe labari ya riga ni isowa cewa inda aka fi zirga-zirga nan ake ba titi, sai mutanen ƙauyen suka kira gayya, kamar ta noma, suna ta kai-komo don ƙirgar ta yi yawa.

Na tsayar da mai jan babur, wani dattijo da ake kira Malam Sale. Da na tambaye shi ko gayya ce, bai musa ba. Ya ce da damina rafinsu kan cika, sai an yi dogon zagaye kafin a kai asibitin Bici, kuma a wannan zagayen 'yarsa ta rasu tana naƙuda. Dariyar da nake ɓoyewa ta tsaya. Tausayinsa ya kama ni, amma dole na gaya masa ƙirgar ranar ta ɓaci.

Da na kai rahoto, shugabata Injiniya Rabi ta ce lissafinmu ba yawan motoci kaɗai yake dubawa ba, har da lokacin da mutane ke asara. Ta ce in jira ruwa ya sauka, in koma in auna zagayen.

Malam Sale ne ya goya ni a babur ɗinsa. Wannan awon shi ya sa aka amince da kwalbati a rafin. Na je na kai masa labari.

"Ɗana," ya ce, "da mun san gaskiyar ma za ta ishe ku, da ita muka fara kawowa."

Tun daga nan, kafin in kafa kujera a ƙauye, sai na zauna da mutanen na faɗa musu abin da muke aunawa.